Cin abincin Kirsimeti da na sabuwar shekara a gidan Girkawa: wanda ya taɓa zuwa ya ba mu labari

Baƙuwar Kifseli:

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Girka da waɗanda suka taɓa zama. Wata huɗu ke nan da zuwana Atens karatu, ina haya a unguwar Kifseli, a gidan wata dattijuwa da ta doshi shekara 80. Ita tana ƙasa, ni ina sama. Jiya ta tare ni a matakala, ta kama hannuna da hannu biyu, ta ce ranar 25 ga Disamba a wurinta zan ci abincin rana, 'ya'yanta da jikokinta duk za su zo, daren sabuwar shekara ma haka. Ban san lokacin da na ce to ba. Matar nan tun zuwana ba ta taɓa dafa miyar wake ba ta aiko mini da kwano ba, kuma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ita ta yini tana hawa da sauka. Da wane ido zan ce mata a'a?

Amma tun jiyan cikina ya ɗuri ruwa. An ce mini naman alade shi ne naman bikin nan, kuma ba a raba teburinsu da giya. Wanda ya taɓa shiga irin wannan zama don Allah ya faɗa mini: me ake ajiyewa, me zan ci, me zan kai, kuma yaya mutum zai ƙi abu ba tare da ya ɓata wa tsohuwa rai ba?

Ɗan Zaitun:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Abu ɗaya zan ce ki yi yau, kar ki bari gobe: ki sauka ki gaya mata abin da ba kya ci. Ni kawaici ne ya ja mini abin kunya.

Shekarata ta farko a tsibirin Kirit ina aikin kaɗe zaitun, wanda ake farawa wajen Nuwamba a kai har Janairu. Mai gonar ya gayyace mu mu uku gidansa a ƙauye. Na ce a raina in an je zan ɗan tsakuri burodi da ganye in tashi. Ashe a ƙauyukansu ana gab da Kirsimeti ake yanka aladen da aka yi watanni ana kiwo, kuma ba abin da suke zubarwa. Wani a kyafe shi da hayaƙi, shi ne apaki, wani a cusa a hanji, kitsen a narke a adana ana girki da shi. Mahaifiyar mai gonar da kanta ta cika mini faranti ta tsaya a kaina tana jira in kai loma. Da na ce ba na ci, wallahi fuskarta ta canja kamar na mare ta. Ba don na ƙi ba, don ban faɗa da wuri ba. Ta koma kicin tana faɗa da ɗanta, ta soya mini ƙwai da dankali a man zaitun, na ci kaina a ƙasa kowa na kallona.

Da shekara ta zagayo mai gonar ya kira ni tun ana saura mako, ya nuna mini ɗan akuya ya ce in yanka da hannuna yadda addinina ya ce. Suka yi abin da suke kira antikristo. Ki san yadda mai tsire yake kafa tsinkaye ya zagaye wuta? To haka, sai dai manyan yanka ne, gishiri kaɗai ake sawa, a bar shi awanni yana diga. Da romon wani ɓangaren aka dafa shinkafa da man shanu da lemon tsami. Na yi santi har na fara ba su labarin Kasuwar Kurmi da Girkancin da bai kai kalma hamsin ba. Barasar da suke zubawa a ƙananan kofuna, raki, ita ce ba sa gajiya da tayi. Ni shayin ganyen dutse nake karɓa, in an ɗaga kofi in ɗaga nawa, magana ta ƙare.

Uwar Biyu a Tasalonika:

Ɗan Zaitun ya faɗi gaskiya. Shekarata goma sha ɗaya a nan, bari in ƙara miki da abin da na koya a hannun maƙwabta.

Mutanen nan sun san hani a abinci, ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Cocinsu na Otodoks yana da azumin kwana 40 kafin Kirsimeti, daga 15 ga Nuwamba: ba nama, ba madara, ba ƙwai, ba cuku, kifi ma sai wasu ranaku. Matasa da yawa ba sa yi, amma tsohuwa mai shekara 80 da wuya a ce ba ta yi. Abincin azumin suna ce masa nistisimo. Ki riƙe kalmar nan da kyau, ta fi miki kowace kalma amfani a ƙasar nan. Duk abin da aka ce nistisimo ne, babu nama babu kitsen dabba a ciki. Kuma idan kika ce mata hanin naki kamar azuminta ne, sai dai naki ba ya ƙarewa, nan take za ta gane.

Kalmomi biyu: “den troo hirino”, ba na cin alade. “Ehi hirino?”, akwai alade a ciki? Ki yi tambayar ko da abin bai yi kama da alade ba, domin tarkon yana cikin niƙaƙƙen nama. Mahauta a nan sukan haɗa na shanu da na alade su niƙa tare, da shi ake naɗe kabeji, wanda a nan arewa, musamman wajen Kozani, ba a Kirsimeti sai da shi. Can kabejin ma sai ya jiƙa cikin ruwan gishiri ya yi tsami, suna ce wa naɗin yaprakiya, wai yana tuna musu jariri a cikin zanen goyo. Talotalon da ake gasawa a birane shi ma ana cusa masa shinkafa da zabibi da niƙaƙƙen nama. Wata maƙwabciyata ta taɓa rantse mini cewa babu alade a tukunyarta, can ana hira ta ce “ai kaɗan ne, don ɗanɗano”. Ba mugunta ba ce, ita a ganinta wannan bai kai a kira shi alade ba.

Abin da za ki ci ba tare da fargaba ba yana da yawa: fanken alayyafo da cuku da ake gasawa cikin siraran fallayen fulawa, dankalin da aka gasa da lemon tsami (in ba a tire ɗaya da naman ba), salak ɗin kabeji da karas, cukun feta, zaitun, da burodin bikin mai gicciye a sama wanda suke kira hristopsomo. Idan kina so ki huta gaba ɗaya, ki je wajen Omoniya, akwai mahautan halal na 'yan Pakistan da Larabawa, ki sayo kaza ko cinyar rago ki kai mata tun ana jibi. Za ta yi kamar ta ji haushi, amma za ta dafa, kuma za ta fi kowa alfahari da shi.

Sai kayan zaƙi, inda na fi tsayawa, don nan ne ni aka kama ni. Iri biyu ne suke cika kowane gida daga farkon Disamba. Melomakarona ƙanin alkaki ne sak: fulawa, man zaitun, ruwan lemon zaƙi, kirfa da kanumfari, a gasa, a tsoma cikin ruwan zuma, a barbaɗa dakakkiyar gyaɗarsu mai ɓawo mai tauri. Kurabiyedes kuma na man shanu ne da almon, an binne shi cikin garin sukari fari fat. Kar ki ci da baƙin mayafi, kuma kar ki ja numfashi lokacin gatsa. Girkawa sun rabu biyu a kansu kamar yadda suka rabu kan ƙungiyoyin ƙwallonsu Olympiakos da Panathinaikos, za a tambaye ki wanne kika fi so, kuma duk amsar da kika bayar sai rabin teburin ya yi miki ihu. Akwai na uku, diples, wanda ranar da na fara ganinsa na ce wa ya kawo dubulan Girka. Matsalar ita ce da yawa suna zuba ɗan kofin barasa, koniyak, a cikin kwaɓin melomakarona, wasu har a kurabiyedes, kuma nistisimo bai hana wannan ba. Shekara biyu ina ci ban sani ba, sai ranar da na zauna ana kwaɓawa a gabana. Ki tambaya. Yanzu ni nake yin nawa, ruwan lemo nake ƙarawa a madadinsa, kuma maƙwabtan ba su taɓa gane bambanci ba.

Kar ki je hannu rabbana. Kwalin kayan zaƙi daga shago ko tukunyar fure ya isa. Abinci ba ya sauka kafin ƙarfe biyu, ba a tashi sai dare, rana kuwa biyar da 'yan mintoci ta faɗi, don haka La'asar da Magariba a can za su same ki. Ki tafi da dardumarki. Kuma ki yi cefanenki da wuri, 25 da 26 shaguna a rufe suke.

Ɗan Fagge:

Ni gargaɗina ɗaya ne. A Girkanci “ne” yana nufin e. Wata tsohuwa ta nuna mini tire tana tambaya ko a ƙara, ni kuma ina ce wa abokina da Hausa “ai wannan kifi ne”, sai kawai na ga an juye mini rabin tire. A'a kuma “ohi” ne, amma ba ya aiki a kan kakanni. Irin “Alhamdulillahi na ƙoshi” ɗin nan namu, su ba su san shi ba. Ki ci a hankali, kar ki bari farantinki ya zama wayam, da ya yi fili za a cike. Kuma da kin ce Najeriya za a ce miki Antetokounmpo, ɗan wasan ƙwallon kwandonsu mai asalin Najeriya, ki shirya.

Jikan Wusasa:

Ni Kirista ne, daga Zariya, amma kar ku ɗauka abin ya zo mini da sauƙi. Na zo da tunanin Kirsimetin gida: shinkafa da kaza, sabon ɗinki, yawo gida gida, a kai wa maƙwabta Musulmi kwano. A nan ƙarfe biyar na asuba aka buga ƙararrawa, muka fita cikin sanyin da ke shiga ƙashi, aka yi awanni ana waƙar ibada da tsohon Girkanci wanda su kansu ba duka suke ganewa ba. Da muka dawo, abin da aka fara ajiyewa romon kaza ne da aka kaɗa da ƙwai da lemon tsami, wai don cikin da ya yi kwana 40 bai ga nama ba ya saba. Na zauna ina jiran kyaututtuka shiru. Ashe a al'adarsu sai 1 ga Janairu, kuma mai kawowa ba wancan tsohon na Turawan yamma ba ne, Ayos Vasilis ne, wani babban limamin coci na garin Kaisariya, wato Kayseri ta Turkiyya a yau, wanda ya rasu a shekarar 379.

Abin da ya sa ni ƙwalla shi ne safiyar 24 ga wata. Ana ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe, yara huɗu da 'yan ƙarafa masu kusurwa uku a hannu, suka ce “na ta pume?”, wato mu rera? Suna kaɗawa suna waƙa, a ba su kuɗi su wuce gidan gaba. Tashe ke nan, ba ragi. Ƙanwata, ki tanadi canji, domin za su dawo ranar 31 ga Disamba da 5 ga Janairu, kuma suna gane gidan da aka ba su da yawa.

Gaisuwa guda ta ishe ki duk kwanakin nan goma sha biyu: “hroniya pola”, Allah ya ja kwana. Kusan kullum akwai mai bikin suna, domin su ranar waliyyin da aka sa wa mutum sunansa ta fi ranar haihuwa girma: masu suna Hristos ranar 25, Stefanos 27, Vasilis 1 ga Janairu, Yanis ranar 7.

Malam na Votanikos:

Allah ya saka wa kowa. Ni dai fahimtata ba na zama a teburin da ake shan giya, kuma na gaya wa maƙwabtana haka tun shekarar farko. Abin da nake yi, ranar 27 in shiga in gaishe su in sha shayi, da Babbar Sallah in kai musu nama. Ba mu taɓa samun saɓani ba. 'Yar'uwa ki tambayi malamin da kika amince da shi. Tun da aka buɗe masallacin Votanikos da ke Atens a 2020 ba a rasa wanda za a tambaya.

Uwar Biyu a Tasalonika:

Allah ya gafarta Malam, maganarka hanya ce. Sai dai Malam da iyalinsa yake, ita kuwa yarinya ce ita kaɗai a saman tsohuwar da ta yi jinyarta. Kowa ya auna nasa. Na manta ban ce ba: suna sumbatar kumatu biyu wajen gaisuwa, maza da mata. Ki riga kowa ɗora hannu a ƙirji da murmushi, za su fahimta.

Ɗan Damagaram:

Ni a jirgin ruwa nike aiki, Fireyas ce tasharmu, sabuwar shekara huɗu na yi a gidan wani abokin aiki. Daren nan ya fi na Kirsimeti armashi. Ana cin abinci, ana karta har gari ya waye, kuma da kuɗi suke yi, wai gwajin sa'ar shekara; nan sai ki ja kujera baya ki yi kallo. Sha biyu saura kaɗan a kashe fitilu, ta cika a kunna.

Sannan a kawo vasilopita. Wani gida kek ne mai ƙamshin lemo, wani gida burodi mai zaƙi, an rubuta lambar sabuwar shekara a sama, an ɓoye sulai guda a ciki, fluri. Labarin da suke bayarwa shi ne wancan Vasilis da Jikan Wusasa ya ambata ya tara zinariyar mutanen garinsa don a biya wani azzalumin mai mulki, da Allah ya kawar da buƙatar sai ya rasa yadda zai mayar wa kowa nasa, ya sa aka cusa cikin burodi aka raba, kowa ya tarar da kayansa. Maigida ke yankawa, kuma da tsari: yankan fari na Almasihu, sai Maryamu, sai Vasilis, sai gida, sai talaka, kana mutanen gida daga babba zuwa ƙarami, har wanda ke tafiya ana yanka masa. Baƙo ma da sunansa ake kira. Shekarar farko da na ji an kira sunana tsakanin na 'ya'yan gida, sai da na sunkuyar da kai. Ki tauna a hankali dai, wani ɗan Masar da muke aiki tare ya bar rabin haƙori a wurin.

Da safe akwai podariko: wanda ya fara shigowa gida a sabuwar shekara, da ƙafar dama zai shiga, a fasa rumman a bakin ƙofa, yawan 'ya'yan da suka watse yawan arziki. Suna zaɓen mai farar ƙafa, galibi yaro. Tunda a gida ɗaya kuke, kar ki sauko da sassafe ki faɗa mata ɗaki ba a kira ki ba. In shekara ta yi kyau ke ce, in tukunyar ɗumama gida ta lalace a Fabrairu ma ke ce.

Ɗan Fagge:

Idan kika ga rariya a bakin ƙofarta kar ki ɗauke ki ce an manta. Ta kalikanzari ce, wasu 'yan aljanu da suke cewa suna fitowa daga ƙarƙashin ƙasa a kwanakin nan su ɓata abinci. Wai sai su tsaya ƙirga hujin rariya har asuba, ba sa iya wuce biyu. Ranar 6 ga Janairu ake korarsu: limamin coci ya bi gidaje yana yayyafa ruwa da reshen ɗoɗɗoya, a bakin teku kuma ya jefa gicciye samari su yi tsalle cikin ruwan sanyin nan su ɗauko. Na je kallo a Fireyas da riguna uku a jikina, su kuma daga su sai gajeren wando.

Baƙuwar Kifseli:

Na dawo da rahoto, yau 2 ga Janairu. Na gode ƙwarai, Yaya Ɗan Zaitun, Anti Uwar Biyu da kowa. Malam, na yi tambayar kamar yadda ka ce, na kuma gaya mata tun farko cewa zan ci abinci in tashi kafin zaman ya yi nisa.

A daren da na karanta amsoshinku na sauka na faɗa mata. Ta dube ni ta ce ai ta sani, kakanninta daga Asiya Ƙarama, wato yankin Turkiyya ta yau, suka zo a 1922, da Musulmi suka yi maƙwabtaka, me na ɗauke ta? Amma da na tambayi batun koniyak sai ta yi shiru, ta ɗaga gira, ta ce to wannan kuma ba ta yi tunaninsa ba. Ta sake kwaɓa wani tire daban, ni na matse lemon, ni na daka gyaɗar. Na kai cinyar rago daga Omoniya, ta gasa a tirenta daban da dankali, har ta ɗaura jan zare a hannun cokalin don kar a haɗa. Mu goma sha huɗu ne a tebur, ragon ya riga aladen ƙarewa, surukinta ya ci fiye da ni. Da La'asar ta yi ta kai ni ɗakin 'yarta ta ja ƙofa, ina ji tana tsawata wa jikoki su rage murya. Da na fito ta kalle ni ta yi “ftu ftu ftu” kamar mai tofi, na tsorata, ashe tubarkallarsu ce, maganin baki.

Sulan kuwa rigima ya jawo. Wuƙa ta dira a kansa daidai tsakanin yankan gida da na talaka, aka yi ta musu da ihu kusan minti ashirin, a ƙarshe babban ɗanta ya yanke hukunci cewa ɗaliba mai haya ita ce ta fi kusa da talaka a ɗakin, aka miƙo mini. Yana cikin jakata.

Yanzu matsalata robobi. Guda biyar ta haɗo ni da su cike da abinci, kuma ba zan mayar da su haka ba. Ina so in yi mata alkaki ta gwada da nata. Wa ya san inda zan samu tsamiya a Atens? Na duba shaguna biyu a titin Evripidu ban dace ba.